Tsohuwar Wayar Nasiratu

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan yake nufi ba sai na ja zance ba. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ghali nake, amma a wurinta ni "wancan" ne, ranar da ta so sakin fuska kuma "yaron nan". Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata Dada, gida huɗu tsakaninmu a nan cikin Ringim, na tashi ina jin kawunnaina suna ce wa mahaifiyata Adda, ni ma na bi sahu, har yau Adda nake ce mata. In na je gaishe ta zan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wuri daban, can sai ta tuna tana da tukunya a kan wuta. Kunya ce ba ƙiyayya ba, kowa ya gaya mini haka kuma na yarda. Sai dai yardar ba ta hana yaro jin abin da yake ji a ƙirjinsa.

Shekara bakwai ke nan ina Doha, ina gadin wani siton kayan gini a Sanaiya. Aikin ba shi da wani sirri: ka duba takardar direba, ka ɗaga sandar get, ka sauke, ka koma cikin ɗan akurkinka ka yi wa AC addu'a kada ya mutu. Lokacin da zan taho na bar wa autarmu Nasiratu wayata, wadda ni ma hannu na biyu na saye ta a Kano. Ta sa layinta, ta buɗe manhajar da muke gaisawa da gida da ita, ta ɗora hotonta da wani ɗankwali mai ruwan goro. Bayan shekara biyu aka yi mata aure a Hadejia, sabuwar waya da sabon layi suka zo cikin lefe, tsohuwar kuwa ta bar ta a kan tagar ɗakin Adda.

Wata uku da bikin, ina tsaye a bakin get da safe, saƙon murya ya shigo daga tsohon layin nan. Na danna ina zaton Nasiratu ce ta zo ganin gida. Muryar Adda na ji.

"Nasiratu, ga shi kin bar wayarki. To, in kin ji daga wancan na ƙasar Larabawa, ki ce masa jar akuyar nan ta haihu, biyu ne. An ce zafi ake yi a can, ki ce ya riƙa shan ruwa. Shi ke nan."

Wata tirela ta yi ta danna mini hon ban ji ba. Nasiratu tana Hadejia, kuma Adda ta fi kowa sanin haka. Daga baya Nasiratu ta gaya mini cewa kafin ta tafi ta nuna mata sau ɗaya: ki taɓa nan, ki taɓa sunan da ke sama, ki danne wannan alamar ki yi magana, ki saki. Ta ce Adda ta yi kamar hankalinta yana kan tsintar shinkafa.

Har azahar ina juya amsar da zan bayar. A ƙarshe na gyara murya na ce, "Nasiratu, ki gaya wa Adda na ji, Allah ya raya. Ki ce mata ina shan ruwa."

Haka muka yi shekara biyar. Kullum in ta gama lazimi ta ba awaki dusa, wajen shida da rabi a can, takwas da rabi a nan, saƙo zai shigo da sunan Nasiratu da hotonta. A cikin saƙonnin nan na san uwata. Ashe mace ce mai ban dariya, ni ban sani ba. Tana kwaikwayon muryar mai unguwa in yana sanarwar rigakafi, har da tarin da yake yi a tsakiya. Tana da ra'ayi a kan kowane aure da aka ɗaura a unguwa, kuma yawanci nata ne yake fitowa daidai. Na san gwiwarta ta hagu tana damunta da damina, na san ba ta son kifi amma tana ci don kada a ce ta raina. Duk wannan Nasiratu ake gaya wa, Nasiratun da ba ta taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba. Mu uku mun san yadda abin yake, babu wanda ya taɓa furtawa.

Wata safiya sai ta ce, "Nasiratu, wayar nan taki ta fara iyayi. Kullum sai wani rubutu ya tare mini hanya, sai na dangwale shi sannan ya kauce."

Da Nasiratu ta zo gida ƙarshen wata ta ɗauki hoton rubutun da tata wayar ta turo mini. Turanci ne gajere mai ladabi. Wai daga ɗaya ga watan jibi manhajar za ta daina aiki a wannan waya, a nemi wata. Har da godiya a ƙasa.

Ranar Juma'a da nake hutu na hau bas zuwa Muntaza, wurin Jamaldeen, wani mutumin Zangon Kumasi da yake gyaran waya a shagon wani ɗan Indiya. Hausarsa irin tasu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma hannunsa a waya ba a magana. Ya kalli hoton, ya tambaye ni sunan wayar, ya yi 'yar dariya.

"Massa, wannan waya ya ga duniya. Khalas, ya gama, ka bar shi ya huta."

"Lafiyarta ƙalau," na ce. "Ko tsagewa gilashinta bai yi ba."

"Ban ce ya lalace ba. Sistem da ke ciki ne ya tsufa. Masu manhajan sun ce daga ranan nan ba su ɗaukan shi kuma."

"To a yi mata afdet ɗin mana. Ba aikinku ke nan ba?"

"Wanda ya ƙera wayan ya daina ba shi afdet tun kafin ka zo Qatar. Ko na matsa mai sabon sistem da ƙarfi, cikinshi ba ya ɗauka. Wasu suna mayar da kwanan wata baya, ya yi kwana biyu uku, sai a gane daga can a rufe. Kada ka wahal da tsohuwa."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran izini. Na ce wato wani yaro da bai taɓa jin sunan Ringim ba ya zauna cikin sanyi ya yanke cewa wayar da take aiki ta daina aiki, don kawai ya gaji da ita. Na ce da ma haka suke yi don a yi ta saye. Na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita ba, har ɗan Indiyan ya ɗago kai daga kan lissafin gilasan da yake jerawa.

Jamaldeen ya bar ni na gama, ya miƙo mini kofin shayinsa na karak da bai taɓa ba.

"Akwai na kasuwa a ciki, ban musa ba. Amma kai ba sikiriti ba ne? Sitonku ƙofa nawa?"

"Huɗu."

"Nawa kuke buɗewa?"

"Biyu. Sauran mudir, wato manajanmu, ya sa an yi musu walda, babu mai tsaronsu."

"To, tsohon sistem ƙofa ne da ɓarayi suka san shi. In za su bar shi a buɗe, sai sun ajiye mutum a wurin. Sun ƙirga masu bin ƙofan, suka ga ba yawa."

Ban huce ba, amma ya taɓo inda ban so. Ƙaramar ƙofar bayan siton nan, leburori 'yan Nepal ne suke bi ta ciki su yanke zuwa masaukinsu. Tun da aka liƙe ta suke zagayen minti ashirin cikin rana. Ni na riƙe wa mai waldar wayar wutarsa ranar, kuma ban tuna na yi tunanin kowa ba. Su ma ba su da yawa.

A shagon na sayi sabuwar waya, kuma a nan wautata ta fara. Da na yi hankali, da mai sauƙi na saya na aika wa Nasiratu, ta kai gida ta manta da ita a kan taga kamar yadda ta manta da ta farko. Amma wani abu ya shiga kaina. Shekara biyar ina jin dariyar matar nan, sai na ɗauka mun wuce wurin da muke. Na zaɓi babba, shuɗiya, na sa mata riga. Na karɓi alƙalamin maka a hannun Jamaldeen na rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, boko da ajami: Adda Zalihatu, daga Ghali. Ina so sau ɗaya a rayuwata in ba uwata abu da sunana a jiki, wannan ita ce gaskiyar.

Na ba Ɗanbaba ya kai. Ɗanbaba ɗan unguwarmu ne, direban wani gida a Gharrafa, zai tafi hutu a satin. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba shi da birki. Kuma wata rana da muke cin abinci tare, don in ba shi dariya, na taɓa kunna masa saƙon da Adda take kwaikwayon mai unguwa. Wannan ma na manta na yi.

Yadda aka yi, matar maƙwabcinmu ce ta ba Nasiratu labari, Nasiratu ta ba ni. Ɗanbaba ya yi sallama da hantsi, ya tarar da tsofaffin unguwa biyar ko shida a tsakar gida suna taya Adda ɓarar gyaɗa. Tun yana yaro yake shiga gidan, don haka aka ce ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye kwalin a gabanta, rubutun yana sama.

"Inna, ga saƙon ɗanki. Ya ce waccan ta kusa daina aiki, kada hirarku ta safe ta yanke. Ai ni ma na ji wadda kika kwaikwayi mai unguwa, wallahi har hawaye na yi don dariya."

Ba mugunta matan suka yi ba, tsokana ce irin ta tsofaffin da suka yi shekara hamsin tare. Wata ta ce ashe Zalihatu an waye. Wata ta ce mu muna nan muna ba 'ya'yanmu misali da kunyarta, ashe kullum safiya hira ake sha da ɗan fari. Aka yi ta dariya. An ce ita ma ta yi dariyar, ta yi wa Ɗanbaba godiya, ta sa masa albarka. Sannan ta ɗauki kwalin ta shiga ɗaki ta sa shi cikin babbar kwalla ta rufe, ta dawo ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

A lokacin saura kwana goma sha ɗaya tsohuwar wayar ta daina. Washegari babu saƙo. Na ce ƙila caji ne. Jibi ma babu. Na tura, "Nasiratu, ki tambayi Adda ko lafiya." Alama ta nuna ya isa, ba ta nuna an saurara ba. Kullum ina turawa, kullum haka, ina kallon kwanakin da suka rage mana suna tafiya a banza. Ranar ɗaya ga wata na tura, ko isa bai yi ba.

Na kira Ɗanbaba na wanke shi tas. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Haba Ghali, wane zamani muke ciki? Uwa da ɗanta ne fa. Ni ina na san ɓoyewa kuke?" Na kashe wayar, don ba shi ya rubuta suna a kwali ba.

Nasiratu ta yi iya ƙoƙarinta. Ta je ta ce, "Inna, sabuwar wayar nan fa tawa ce, ajiya zan ba ki." Adda ta ce, "Taki, da sunana a jiki?" Ta koma ta samo wata tsohuwa a wurin mijinta wadda manhajar take ɗauka, ta ajiye a kan taga ba ta ce komai ba. Da za ta tafi Adda ta biyo ta da ita har zaure, ta ce ta yi mantuwa. In Nasiratu ta kira ni tana gidan ta miƙa mata, sai in ji daga nesa, "Lafiya lau. A gaishe shi." Mun koma bakin ƙofa ke nan, ni a durƙushe, ita tana kallon wani wuri.

A watannin nan na yi tunani da yawa, don gadi ba abin da yake bayarwa kyauta sai lokacin tunani. Na so in ɗora wa masu manhajar laifin duka, abin ya ƙi zama. Su sun ba da sanarwar sati shida, har da godiya. Ni ko sanarwa ban bayar ba. Matar nan ta samo hanya guda da za ta bi ta iso gare ni ba tare da ta taka abin da aka raine ta a kai ba, hanya siririya, ni kuma na ga ta tsufa na ce bari in faɗaɗa mata. Kewar muryarta ta dame ni fiye da yadda kewar gida ta dame ni a shekarata ta farko a nan.

Bayan wata biyu gwiwar Adda ta tashi, Nasiratu ta je ta yi mata sati. Kwana biyu da zuwanta, da hantsi, ta turo mini rubutu: "Yaya Ghali, ka samu wuri kai kaɗai." Sai saƙon muryarta, tana magana ƙasa-ƙasa.

Ta ce kullum Adda tana aikawa a yi wa tsohuwar wayar caji. Da safe in an ba awaki dusa sai ta zauna a bakin gado ta buɗe ta. Rubutun nan yanzu ya cika fuskar wayar, ba ya kaucewa ko an dangwale shi. Sai ta ɗora babban yatsanta daidai inda alamar take a da, ta yi ta magana. Nasiratu ta ce mata, "Inna, ba ta aikawa fa yanzu." Adda ta ce, "Na sani. Je ki duba kokon nan kada ya yi gudaji."

"Yau na ɓoye tawa wayar a bayan labule na ɗauko maka," in ji Nasiratu. "Ga shi nan."

Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na roƙi abokin aikina ya riƙe mini get, na zagaya bayan sito na tsuguna a inuwar wata kwantena, na danna.

Babu sunan Nasiratu a ciki. Ta fara da tambayar ko na tashi lafiya, ta ɗan jira kamar mai sauraron amsa. Ta ba ni labarin gwiwar, ta ce mai maganin ya cika surutu.

"Wayarka kyakkyawa ce," ta ce. "Na buɗe na gani da babu kowa, na mayar. Ban yi fushi da kai ba, kada ka sa wannan a ranka. Kai ba ka san yadda abin yake ba, ba laifinka ba ne. Lokacin da aka kai ka wurin Dada, kwana bakwai ina fakewa da ɗebo ruwa, in bi ta bayan katangarta in tsaya. In na ji kukanka in dawo da ciwon kai, in ban ji ba in dawo da wanda ya fi shi. A kwana na takwas ka yi dariya, wani yana yi maka wasa. A nan na daina zuwa. Ranar da za ka tafi ƙasar Larabawan ma, na ga takalminka a bakin ƙofa, na so in ce ka zauna ka ci tuwo tukuna. Na dafa da kai. Ban dai ce ba."

Akuya ta yi kuka a waje. Ta ce, "Bari in je, waccan ta tsinke igiya," sai ƙarar gado, sai saƙon ya ƙare.

Na yi kuka a bayan kwantenar nan, kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun rasuwar kakata. Daɗi ne ya fara zuwa, ba zan ɓoye ba. Kunya ta biyo baya, don abin da na ji ba a ba ni ba, ɗauko mini aka yi ta bayan labule. Na danne alamar magana na ce, "Adda, na ji," na tsaya. Wa zan tura wa? Kuma in ya isa gare ta, na san abin da zai biyo baya. Tsohuwar wayar ma kwalla za ta shiga, matar nan ta rasa inda za ta faɗi abin da ta yi shekara arba'in tana riƙe da shi. Na goge.

Nasiratu ta rubuto: "In riƙa ɗauko maka kullum kafin in koma? Saura kwana biyar."

Safiya biyar. Na daɗe ina kallon rubutun, Allah ya sani na so in ce e. Na rubuta mata a'a, na ce ta goge na wurinta ma. Sannan na tambaye ta ko tsohuwar wayar tana riƙe caji.

"Ina fa. Batirin ya kumbura, murfin ma da kyauro ta ɗaure shi. Ko yau ko gobe."

Na ce ta shiga kasuwa wurin masu tsofaffin kayan waya ta nemo irinsa, in ta samu biyu ta haɗa, don an daina yin su. Ta canza mata lokacin da Adda ta fita wurin awaki, ta mayar da kyauron yadda yake, kada ta ce ni na ce.

"To kai fa?" ta rubuto. "Shi ke nan ba za ka ƙara jin ta ba?"

Na ce mata tunda tana magana ya isa. Ƙarya na yi, bai isa ba, kuma ban ga ranar da zai isa ba. Amma an samu batirin, guda biyu, a wurin wani mai tebur kusa da tasha. Ranar da Nasiratu za ta koma Hadejia ta ce mini da safen nan Adda ta fi minti goma a bakin gado, har da dariya a tsakiya. Ban tambaye ta me ta ce ba.